Igiyar Da Na Auna Wa Ziyad Fili

Kiyawa, Talata.
Aikin farko na yau: mayar wa Ahmadu magini tef ɗinsa. Ban mayar ba.

Zuwa ga Yayana Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a neman da ya kai ka Kumasi. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin bazara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sanda. Saniyar Baffa Modibbo ta haifi maraƙi ranar Juma'a. Ɗanka Ziyad lafiyar jikinsa ƙalau, amma a kansa nake rubuto maka. Na gwada faɗa maka a waya sau biyu, bakina ya kasa, shi ya sa na koma takarda. Zan ɗauki hotonta in turo.

Ka san yadda aka fara. Shekara uku da suka wuce muka je gidan kallo a Dutse ni da shi, aka nuna gasar guje-guje da tsalle-tsallen nan ta ƙasashen duniya da ake yi a Turai duk damina. Da aka zo gudun mita dubu biyar, yaron nan bai ƙifta ido ba. A hanyar komawa ya ce mini, waɗannan mutanen ai siraran ƙafafu ne da su irin namu, kuma bai ga alamar sun taɓa bin ɗan maraƙi daga nan zuwa fadama ba. Na yi dariya, amma da aka cire amfanin gona sai na auna masa fili. Na ɗauki igiyar gugarmu, na auna ta da tef ɗin tela, mita ashirin da biyar cif, na rubuta a littafina na kullum. Igiya goma sha shida ta ba ni mita ɗari huɗu, na kafa turke a kan kowace. Zagaye goma sha biyu da rabi ke nan. Shekarar farko ya yi a minti goma sha shida da sakan arba'in.

Filin ba ya zama wuri guda, domin da ruwa ya sauka dole a shuka shi. Duk kaka sai in sake aunawa a gonar da aka riga sharewa, bara a ta Baffa Modibbo, bana a tamu. Shekara ta biyu lokacinsa ya sauko zuwa minti goma sha biyar da sakan biyar. Da daminar da ta wuce muka koma kallon gasar, aka kafa sabon tarihi, mutane suna ihu a gidan kallo, ni kuwa ina kwafe lokutan da ke fitowa a allo, har na waɗanda suka zo baya. A watan Disamba Ziyad ya yi minti goma sha uku da sakan talatin da ɗaya a gonarmu. Na buɗe littafi na gwada, sai na ga ya shiga cikin sahun waɗancan na baya. Na sa ya sake bayan kwana huɗu, bambancin sakan uku ne kawai.

Sauran ka sani, domin da kai aka yi. An ba shi gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, kai ka ce ya tafi, gudu ba ya guduwa. Ni ne na kira ka na karanta maka lambobi shafi bayan shafi, na ce a ba shi shekara ɗaya kawai. Ka ce tunda Abdulkahar ne ya rubuta, ba ka da ja, domin ba ka taɓa kama ni da kuskuren lamba ba. Gurbin ya wuce.

Mako uku da suka wuce na kai shi gwajin zaɓen 'yan gudu a Kano. Kafin a fara na nuna wa wani koci littafin. Ya duba, ya dube ni, ya ce in dai wannan gaskiya ne shi da kansa zai riƙe wa yaron jaka har cikin jirgi, sannan ya tambaye ni ko a kan babur ɗan nawa yake yin atisaye. Aka busa. Zagaye takwas na farko yana cikin na gaba, daga nan ƙafa ta fara nauyi. Ya gama na goma sha ɗaya, minti goma sha biyar da sakan hamsin da biyu. Kocin bai zolayi yaron ba. Ya dafa shi ya ce ba laifi ga wanda bai taɓa taka filin roba ba, ni kuma ya ce in kai agogona a yi masa rubutu ya sha.

Tun da muka dawo gidan ya canza. Inna ta ce baki ne, mun cika faɗa wa mutane. Samarin bakin tasha suna kiransa Jirgin Turai, in ya wuce sai su tambaye shi ƙarfe nawa zai tashi. Kwana biyar da dawowarmu ya ja ni gona ya ce in danna agogo. Ya yi minti goma sha uku da sakan talatin da biyar. Ya zauna a kan kunya yana haki, ya ce, to ni Baffansa na gani, ƙafarsa lafiya lau, zuciyarsa ce ta matsoraci, in ta ga jama'a sai ta mutu. Wannan maganar ita ta hana ni sukuni. Yanzu ba ya cin abincin kirki, ba ya zama cikin mutane, kuma ya ce ba zai cika fom ɗin makaranta na bana ba, sai ya koma Kano baɗi ya wanke kansa. Ranar Juma'ar nan ake rufe karɓar fom.

Ni kuma na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na gwada agogon da na rediyo, daidai. Na gwada da wayoyi biyu, daidai. Na sake ƙirga turaku, goma sha shida. Sai jiya da hantsi, ina tsaye bakin rijiya matata Mahbuba tana jan ruwa, na lura guga da ƙyar yake taɓa ruwa, sai ta sunkuya. Na aro tef ɗin Ahmadu na shimfiɗa igiyar a ƙasa. Mita ashirin da ɗaya da rabi. Na auna sau uku. Na tambayi Mahbuba, ta ce ai kowa ya san bakin igiya wajen guga yana ruɓewa, in ya tsinke a yanke a sake ɗaurewa, ta yi haka ya fi sau biyar, kuma ni da kaina na yanki guntu na ɗaure ragon layya bara waccan. Ta ce ko so nake ta riƙa neman izinin littafina kafin ta ɗebi ruwa? Ba ta san dalilin tambayar ba. Gaskiyarta ce kuwa, ni na yanka, har na rubuta sayen ragon, ban rubuta igiyar ba.

Ma'anarsa, Yaya, kowane zagaye na bana ya gaza da mita hamsin da shida. Gaba ɗaya mita ɗari bakwai ne ɗanka bai taɓa gudu ba, ni kuwa ina rubuta masa su. Igiya tana raguwa, ina murna yaro yana ƙaruwa. Sau ɗaya na auna ta a shekara uku, ni da nake auna komai. Da na sani ƙeya ce. Gaskiyar da ta rage ita ce ya rage kusan sakan hamsin da ƙarfinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma tsakaninsa da mutanen allon nan akwai tafiya mai nisa da ban san ko ana kaiwa daga gonar gero ba.

Ban faɗa masa ba tukuna. Jiya na je ƙofar ɗakinsa sau biyu na dawo. Idan na yi shiru zai ci gaba da ɗaukar kansa matsoraci, ya sake rasa shekara. Idan na faɗa, zai san cewa abin da ya gina kansa a kai shekara uku babu shi, kuma baffansa ne ya ba shi. Ban san wanne zai fi karya shi ba, amma na farkon ƙarya ne, don haka babu zaɓi. Ba na neman ka yafe mini yanzu. Roƙona ka kira shi gobe bayan la'asar, lokacin na riga na yi magana. Kada ka yi masa faɗa, kuma kada ka ce dama ka faɗa. Ka ce masa ya cika fom ɗin. Maganata ba ta da nauyi a wurinsa daga gobe, taka ce za ta yi.

Inna tana sa maka albarka, ta ce goron da ka aiko ya ƙare. Baffa Modibbo yana gaishe ka. Ka gaishe mini da Anti Huseina, da Nuriyya da Afra'u, Allah ya raya su. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Abdulkahar

Na gobe, Laraba:
Karɓo fom a Dutse da sassafe, ko da bai yarda ba.
Hotunansa guda huɗu, suna cikin akwatin Inna.
Bayan azahar in kai shi gona, in ba shi tef ya auna da hannunsa.
In ya tambayi lokacinsa na gaskiya: minti goma sha biyar, sakan hamsin da biyu. Kada in rage ko ɗaya.