A Buɗe Mana Hanyar Dutsen Maƙera Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga mai girma Shugaban hukumar da ke kula da madatsar ruwan yankinmu.

Assalamu alaikum warahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ni manomi ne, ina zaune a sabon garin da aka tsugunar da mu lokacin da aka datse ruwa ya cinye tsohon garinmu. Na je ofishinku har na gaji da zaman benci, kullum a ce ka fita rangadi, shi ya sa na rubuto a fili. Magana ce a kan wayar da ma'aikatanka suka kewaye Dutsen Maƙera da ita, da ƙofar da suka sa wa kwaɗo a bakin hanyar hawa. Sun rufe wa mahaifiyata hanyar zuwa gaida mijinta da 'ya'yanta.

Kafin in kai ga kuka, bari in faɗi gaskiya. Ba ni da faɗa da madatsar nan. A waɗannan shekaru na fari da tsadar hatsi, da gero ya ƙone a gona tun bai yi kai ba, noman rani na bakin ruwan nan ne ya riƙe mu. Tumatur da albasar da na noma a can su suka hana ni sayar da jakina. Wanda duk ya zagi wannan aiki a gabana, sai mun yi ta da shi.

Na farko, ina so ka san abin da aka rufe, don ina kyautata zaton ba ka taɓa hawa ba. Hanya ce siririya, ta taso daga bayan gonakinmu, ta bi ta cikin itatuwan hano da faru, ta hau gadon dutsen, sannan ta miƙe a kan gaɓar da ta leƙa ruwa. Wallahi idan ka kai sama da hantsi ka duba ƙasa, sai ka ji numfashinka ya tsaya. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kwalekwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, a bayanka kuma gonaki manne da juna, ko'ina gawo da kuka da rumbuna, har ka hango motocin kasuwar Makoɗa suna tafiya a kan titi. Hasbiya na sheƙa a tsagar dutsen, ka tsaya a samanta tana shawagi a ƙarƙashin ƙafarka. Akwai rema, mai kama da ƙaton ɓera, ta fito shan hantsi ta zuba maka ido ko gezau, kamar kai ne baƙo a gidan ubanta. A ƙasa zalɓe na tsaye a ruwa, kirinjijiya na tashi garke guda tana fito, guza na jan ciki a kan laka. Na taɓa ganin gauraka biyu suna rawa a wata 'yar fadama, na tsaya kallo har rana ta take, na manta cewa ciyawa na zo yanka.

Ba tsuntsaye kaɗai ke wurin ba. A tsakiyar hanya akwai tarkacen tama baƙi wuluk, inda kakanninmu maƙera suka narka ƙarfe, daga nan dutsen ya samo suna. Gaba kaɗan ga ramukan da mata suka riƙa niƙa a kan falalen dutse, sun yi sulɓi, har yau idan ka sa tafin hannu za ka ji laushinsu. Ga ragowar katangar duwatsu inda mutane ke ɓuya da dabbobinsu a zamanin hare-hare. Babu wanda ya koya mana wannan a aji. A kan hanyar nan tsofaffi ke nuna wa na baya, ana tafe ana haki ana labari.

Na biyu, dalilin da aka ba mu na rufewa. Dalili biyu ne, ɗaya na yarda da shi. An ce masu saran itace sun addabi dutsen, kuma haka ne, yunwa ta sa mutane na saran ɗanye su kai kasuwa, ni ma abin na ƙona min rai. Amma ɗayan, ranka ya daɗe, ƙazafi ne aka yi mana. Wai sabon jami'inku ya hango mu bara a kan gaɓa, maza da mata mun fuskanci ruwa mun ɗaga hannuwa, ga ƙwarya da gumba a gefe, sai ya kai rahoto cewa tsafi muke yi, muna roƙon aljanun ruwa su saukar da damina. Innalillahi! Mu? Garin da ya yaye mahaddata tun kafin a haifi kakan wannan yaro? Da ya tako ya yi sallama ya tambaya, da ko jikata ta ba shi amsa.

Maƙabartarmu ce a ƙarƙashin ruwan. Da aka tashe mu, mun kwashi azara da tukwane da awaki, amma ba a kwasar kabari. Tun daga lokacin, duk ƙarshen bazara idan ruwa ya ja baya sosai, sai mu zaɓi wata Juma'a mu hau dutsen, domin nan ne kaɗai ake hango daidai inda garin yake. Dattijai su nuna da sanda, nan ne masallaci, nan marina, nan kushewa. Mu karanta Ƙulhuwallahu, kowane gida ya ambaci mamatansa da suna, a yi musu addu'a, a raba gumba sadaka, a sauko. Dutsen yana yamma da ruwan, don haka wanda ya fuskanci kaburburan alƙibla ya fuskanta. Ziyara ce irin wadda kowane Musulmi ke kai wa iyayensa, sai dai mu tamu daga nesa muke yi.

Na uku, shi ne ya hana ni barci. Bana farin ya sa ruwa ya janye fiye da yadda muka taɓa gani. Masunta sun ce kututturen kukar da ke bakin maƙabarta ya fito fili, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka tashe mu. A gindin wannan kuka aka binne mahaifina, da yayyena biyu da kyanda ta kwashe a mako guda. Inna ta ji labari. Tsohuwa ce tukuf, ƙafa ta ƙi, bara ma a kan jaki na kai ta rabin hanya, sauran na goya ta. Tun sallar da ta wuce take kwance, abinci sai an lallaɓa. Amma ranar da aka faɗa mata kukar ta fito, da kanta ta tashi zaune ta nemi ruwan wanka. Na ɗora ta a jaki muka je, muka tarar da kwaɗo. Mai gadin mutumin kirki ne, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shi umarni aka ba shi, idan ya buɗe a bakin aikinsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma da bakunan da yake ciyarwa. Inna ta riƙe wayar da hannu ta daɗe, sannan ta ce mu koma gida.

Ta bakin ruwa ba a zuwa, laka ce mai haɗiye mutum har ƙugu, kwalekwale kuma ba ya shiga. Ga shamuwa ta iso, gabas ta fara haɗa hadari. Ruwan farko mai ƙarfi idan ya sauka, kukar ta koma ƙarƙashin ruwa, kuma ni da kai mun san Inna ba ta da wata bazarar da za ta jira.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah. A buɗe mana ƙofar Juma'ar nan mai zuwa, ko da daga hantsi zuwa azahar ne. A bar wayar ta tsare itatuwa, mu ma za mu taya ku tsaro, wanda muka kama da gatari mu da kanmu za mu kai shi gaban mai gari. A kuma janye kalmar tsafin nan daga kanmu, ta yi mana ciwo. In da hali ka zo da kanka, ka zo da jami'in nan, ku hau tare da mu, ka ga kyan wurin da Allah ya ba ka amanarsa, ya ji abin da muke karantawa.

Inna ba ta neman a binne ta kusa da mijinta, ta san ruwa ya raba wannan. So take ta ga wurin da idonta sau ɗaya, ta yi musu sallama. Ta sa an wanke mata farin mayafinta, ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Kullum na shiga gaishe ta da safe sai ta tambaye ni ko an buɗe, ni kuma in ce mata gobe. Ranka ya daɗe, na gaji da yi wa uwata ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya jiƙan naka iyayen da suka riga mu, ya sa kabarinsu na inda ƙafarka za ta iya kaiwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani manomi daga gindin Dutsen Maƙera.