Tayar da Ta Kama Ƙasa

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ya yara da mai ɗakinka?

Ni lafiya lau, kada ku damu. A garejinmu motocin tsere muke gyarawa. Makon jiya wani likita ya kawo tasa. Yana so ya riƙa zuwa aiki da ita, ranar hutu kuma ya shiga filin tsere. Matsalar ita ce in ya sha kwana, taya ɗaya ta baya sai ta yi ta juyawa a banza. Na tuna yadda aka yi wa a-kori-kurarka, na ce a yi wa akusul ɗin, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, walda kawai, tayoyin su juya tare. Maigida ya yi dariya har da zama. Ya ce, "So kake ya cinye tayoyinsa kafin ya kai asibiti?"

Ashe akwai abin da ake sawa a cikin akusul ɗin, yana tura ƙarfi ga tayar da ta kama ƙasa. Iri biyu ne: mai faranti ya fi riƙo amma yana ƙara a cikin gari, mai haƙora kuwa shiru yake aikinsa. Mai haƙoran muka sa masa, ya dawo yana ta yabo.

Ni dai maganarsa na ɗauka. Ba ni da lasisin tuƙi a nan, ban taɓa tuƙa ko ɗaya daga cikin motocin ba. Daga bakin ƙofa nake jin ƙararsu, sannan in tafi jiran bas.

Don Allah kada ka sayar da a-kori-kurar nan. In na dawo ni zan ja ta, ko zuwa bakin titi ne.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka