Dalmar da ba ta da huda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, zan kawo maganar bi da bi.

Ni ejan ne a bodar Illela, aikina fitar wa 'yan kasuwa kaya a wajen kwastan. Kowane kaya yana da ajinsa da lambarsa, ajin ne ke nuna harajin da za a biya, shi ne kuma ke nuna ko kayan na buƙatar izini. Kayan kamun kifi ajinsu daban. Harsashi da duk abin da ake haɗa shi da shi ajinsu daban, kuma ba sa wucewa sai da izinin hukuma daga sama. Idan aka sauya wa kaya aji, ejan ake fara kamawa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya nema mini aikin nan. Makon jiya ya kira ni ya ce yana da buhunan dalma a Konni, tsallaken boda, irin wadda masunta ke ɗaura wa koma don ta nutse, in shigar da su a kayan kamun kifi. Na ce to. Sai dai ƙa'idata ba na sa hannu a kan kayan da ban gani ba, ko na wane ne. Na tsallaka na kwance buhu ɗaya.

A bakin tafkin Kalmalo na tashi, na san dalmar koma tana da huda, ta nan ake zura igiya. Wannan ba ta da huda. Ƙanana ce dunƙulallu, girma ɗaya, irin wadda ake ɗura wa bindiga.

Na same shi a shagonsa na ajiye masa ƙwara ɗaya a kan tebur. Da farko dariya ya yi, ya ce, “Kai ɗan nan, dalma dalma ta, mi ad damuwarka da huda?” Da ya ga ban yi dariya ba sai ya fusata. Ya ce ta 'yan sa-kan ƙauyenmu ce, tun da 'yan bindiga suka kashe ɗansa a gona da damina babu wanda ya kawo musu ɗauki, ni ina gari da biro a aljihu su suna binne mutane. Ban musa ba, da hannuna na sa ɗan nasa a kabari. Daga nan na tambaye shi, bindigogin 'yan sa-kan ba su da yawa, me za su yi da buhuna haka? Sai ya ce rabi na mutumin da ya ba da motar ɗauko kayan ne, bai san sunansa ba, bai kuma tambaya ba. Na ce Kawu, mai ɓoye sunansa a kan irin wannan kaya ai ba masunci ba ne. Ya ce in na ƙi, ranar da ya mutu kada in zo jana'izarsa.

Ga inda nake. Idan na sa hannu na yi ƙarya, kuma rabin kayan ban san hannun da zai faɗa ba. Idan na ƙi na yi shiru, na san masu babura zai ba buhunan su bi ta daji, kayan su shigo duka. Idan na kai rahoto, mutumin da ya ciyar da ni zai tafi gidan yari ta dalilina, 'yan sa-kai kuma su zauna da bindigogi babu abin ɗurawa.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, motar za ta iso, don cunkoso ya zaɓi ranar. Mahaifiyata tana ƙauyen nan har yanzu, ta ƙi dawowa gari. Ƙwarar dalmar da na ɗauke daga teburinsa tana aljihuna, ina juya ta, ban sani ba da ita za a tsare gidan Inna ko ita za a harba mata. Me zan yi kafin Lahadi?