Kuɗin Akuyar Kare Ɗaya Za Su Saya

Nilam ta yi magana! Yusnidar, 'yarki ta buɗe baki!

Au, assalamu alaikum, 'yata. Ya aiki a birnin Batam? Ki yi haƙuri da rubutun, da ma da furfura na koye shi a ajin manya.

Na sayar da akuya, na tafi kasuwa da Nilam sayen karen farauta, don tun da tsohon karena ya mutu aladen daji ke shiga masara. A motar da ke kawo karnukan sayarwa daga tsibirin Jawa akwai wani ɗan fari mai gashi kamar auduga, na mutanen birni. Yarinyar da ba ta ce uffan ba tun ranar da ambaliya ta tafi da babanta ta tsuguna gaban kejin ta ce, "Kaka, ƙishirwa yake ji." Sai ga ni zaune a ƙasa tsakiyar kasuwa.

Mai karnukan ya ce, "Tsoho, wannan ko ɓera ya gani bayanka zai ɓuya."

Kuɗin akuyar kare ɗaya za su saya. Motar za ta dawo sabon wata. Me kika ce?

Mahaifinki, Darwis

*

Baba,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya. Na karanta wasiƙarka na yi ta kuka har abokan aiki suka kewaye ni.

Amma Baba, ka sayi na farauta. Gonar ta dangin Mama ce, kuma tun rasuwarta Kawu Bustami ke neman dalilin ba wa wani. Ka fi ni sanin wanda bai kawo kare farautar Lahadi ba, mafarauta ba sa bi ta gefen gonarsa. In gonar ta tafi, me za ku ci? Tunda Nilam ta yi magana sau ɗaya, za ta sake.

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka, Yusnidar

*

Yusnidar,

Bayan gaisuwa, ban bi maganarki ba. Igiyar jan karen farauta tana hannuna, har mun gama ciniki. Nilam ba ta yi kuka ba. Sakin hannuna kawai ta yi, ta koma kallon ƙasa irin na watannin nan. Na mayar da igiyar, na sayi ɗan farin.

Masarar ta kwanta, 'yata. Na rataya gwangwanaye, na yi ihu har murya ta dushe, aladun ko a jikinsu. Ranar Lahadi abokan farautata suka wuce ta ƙofar gida suna cewa, "Darwis, fito da matashin kan naka mu jingina!"

Kawunki ya zo ya tsaya bakin gonar ya daɗe. Ya ce, "Suruki, amana muka ba ka, ka ciyar da aladu." Gaskiyarsa ce. Gonar da na fara nomawa tun kina goye. Da tsufana zan fara neman ƙwadago a gonar wasu.

Ki yafe mini.
Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. An rage mana kwanakin aiki, ba abin da zan iya aikowa yanzu. Na kasa sanin ko fushi nake yi. Me Nilam take cewa? Tana ambatona?

Yusnidar

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Bustami ya ba mijin 'yar ƙanwarsa gonar. An gama.

Da safe ina gyaran shinge na ji Nilam a gindin rumbu tana taje wa karen gashi tana cewa, "Ka tsaya mana, ƙazami! Mamana tana Batam, in ta zo ta gan ka haka za ta ce ban iya reno ba." Daga nan ta yi dariya. Da ƙarfi, Yusnidar, har kaji suka watse.

Ba ni da ko masarar da zan gasa muku. Duk da haka ki zo da Sallah. Ki gaya wa yayyenki, ki gaya wa dangin baban Nilam, har Bustami na aika masa. Ku zo dukanku ku gani.

Mahaifinki, Darwis