Gida Na Bakwai

Surgut, Rasha

Zuwa ga Yaya Gurgen,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya matarka Anahit da yara? Ni lafiya lau nake. Sanyin garin nan ya ɗan taɓa min yatsu biyu, amma kada Inna ta ji.

Da na ji dutse ya zabtaro kan ƙauyenmu, kasa cin abinci na yi, sai da saƙonka ya zo cewa an fito da Inna da rai. Yaya, a gaban Rashawa na zauna a ƙasa ina kuka.

Na yi wa Allah alkawarin rago. Ka samo ragon, a ba shi gishirin da fada, limamin coci, ya sa wa albarka, ka yanka a ƙofar tsohon cocinmu, a raba naman gida bakwai yadda aka saba. Na san gida shida kaɗai ke tada hayaƙi a kan tudun yanzu. To, ka gangara kwari, ka kai na bakwai gidan Baba Serob. Kada ka ɓata rai. Tun da kakanninmu suka gudo daga garin Mush muke rigimar ruwan rafi da mutanensa, amma kai ne ka faɗa min shi ya fara hawowa da shebur, da tsufansa, yana kiran sunan Inna.

Ka gaishe shi da ladabi, ka ce na gode. In ya ci ya ƙoshi, ka tuna masa ruwan rafi na ranar Talata rabonmu ne har gobe.

Ƙaninka,
Hrachik