Atamfa Biyu, Jiki Ɗaya

Garwa, daren Laraba

Kaina ya ɗaure. A Yola ake zaɓen gwamna, amma ni da ke aure a Garwa, tsallaken iyaka, ya hana barci. Mu nan daga Yawunde ake turo mana gwamna, ba mai tambayarmu.

Yaya Sani ya aiko min atamfa mai hoton ɗan takararsa. Kawu Buba, da ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ma ya aiko da ta gwaninsa. Rabonsu da gaisawa tun fara kamfe. Jibi sunan jaririn ƙanwata a Yola, kowannensu zai zuba ido ya ga wadda na sa.

Ɗazu na kai wa tela, na ce riga da ɗaya, zani da ɗaya, kowa ya samu. Ya jujjuya su, ya dube ni.

"Hajiya, ɗinki ba wuya. Amma ki faɗa min, a kan fuskar wa za ki zauna?"

Na kwaso kayana na dawo. Ga su nan kan gado, su biyu suna min murmushi. Ni ko katin zaɓe ba ni da shi.