Kuskuren da Malam Ya Ɓoye a Darasin Lilo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona mai haƙora biyu. Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya, sai kewa. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Idan na kira ki a waya kuka ke riga ni magana, shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida na tsaya.

Jiya na kunna wayar babanku, karo na farko tun rasuwarsa. Kin tuna yadda ya mai da falonmu aji bayan ya yi ritaya? Allo a jingine da kabad, ni a kujera riƙe da waya, yana cewa in rage numfashi, hoto na rawa. Ba abin da bai kwashe mini a kicin ba da sunan fiziks: bokiti, ludayi, har murfin tukunyata da ya lotsa. Ina faɗa yana dariya, wai murfin ya fi ni yi wa ilimi hidima. Shekara huɗu muna ɗora darasi a intanet duk Asabar, yaran da makarantunsu ba malamin fiziks suna kallo daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kin san halinsa, a kowane darasi yakan ɓoye kuskure ɗaya da gangan, ya ce yara su nemo, Asabar ta gaba ya faɗi amsa. Yakan ce ɗalibin da bai iya kama malaminsa ba hadda kawai yake yi. Darasin ƙarshe na lilo ne, wato a ɗaure abu da zare a rataye, yana kai da komo. Bai kai Asabar ɗin amsa ba.

Na tarar da saƙo ya fi ɗari a ƙarƙashin bidiyon. Ba su san ya rasu ba. Suna ta musu, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce ba kuskure ko ɗaya. Wata mai kiran kanta 'Yar Tela ta rubuta cewa jarrabawa saura mako uku, in Malam ya yi shiru to duk abin da ya faɗa shi za ta zuba a takarda. Auta, in yarinyar nan ta faɗi saboda maganar babanku, da wane ido zan dubi allon nan?

Ni ban san inda kuskuren yake ba. Ranar da muka ɗauka, hankalina na kan tarinsa. Kuma na kasa danna bidiyon, ba zan iya jin muryarsa ba.

Ki shafa mini kan angona.

Mahaifiyarki

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata zazzaɓin yaron ya sauka. Na gode da maganin ƙafa, ya yi mini aiki.

Na ji shawararki, cewa in sanar da rasuwar in goge darasin, kowa ya huta. Ba zan iya ba, 'yata. Ko na goge, abin da ya shiga kan yara ya shiga.

Na je tsohuwar makarantarsa ranar Talata. Shugaba ya karɓe ni hannu biyu, amma ya ce tun tafiyar malamin da ya gaji babanku ba a turo musu wani ba, su ma da bidiyon nan yaransu suke karatu. Malamin lissafi ya kalla, ya sosa ƙeya, ya ce yana zargin wuri biyu amma ba zai rantse ba. Na dawo a ƙafa, ta gaban shagon da babanku ke sayen alli.

Ina share kabad sai na ci karo da gilashinsa, mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Na zauna da shi a hannu, wani abu ya faɗo mini. Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan, bai taɓa iya ƙarya idonsa a cikin gilashi ba. Sai ya cire ya goge da bakin riga tukuna. Haka ya yi ran da na zabga gishiri a miya ina amarya, ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba. Haka ya yi ran da ya fasa madubina wajen gwajin haske ya ce iska ce. Ban taɓa gaya masa na gane ba, don kada ya daina.

Fiziks ban sani ba, amma babanku na sani. Gobe zan kalla. Ki yi mini addu'a.

Mahaifiyarki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum, tare da fatan kun wayi gari lafiya. Gaisuwa ga surukina, Allah ya yi masa albarka.

Na kalla, da hantsi, bayan na rufe ƙofa. Ga shi nan a rigarsa mai ruwan toka, da alli a gemu. Har an ji muryata ina cewa ya matsa hagu. Na yi kuka iya kuka, na wanke fuska, na mayar da bidiyon farko. Wajen tsakiya sai ga shi ya cire gilashi yana gogewa, yana cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin lilo, wannan ba sai an gwada ba. Na ce to Malam, yau na kama ka.

Amma ba zan gaya wa yara cewa hujjata gilashi ce ba. Na ɗauko babban kwaɗon ƙofar gida da ƙaramin na akwatina, na auna zare mita ɗaya da tef ɗin ɗinki, na rataya a ƙusar saman ƙofar falo yadda yake yi. Na ja kaɗan na saki, na ƙirga zuwa da dawowa goma da agogon waya. Babba, daƙiƙa ashirin. Ƙarami, daƙiƙa ashirin. Sau biyar na maimaita don ban yarda da kaina ba. Da na rage zaren sai ga shi yana sauri. Ashe tsawon zare ne, nauyi ba ruwansa.

Na jingina waya da murfin tukunyar nan lotsattse, na ɗauka. Hannuwana kawai suka fito. Na ce ni ce mai riƙe wa Malam waya, Allah ya yi masa rasuwa, ga kuma amsar da ya yi muku alkawari. Na ɗora ran Asabar, a lokacin da ya saba.

Addu'o'in da suka zubo ban gama karantawa ba har yau. Suna kirana Mama. 'Yar Tela ta ce ta gwada da almakashin babanta da zaren keken ɗinki, ya fito daidai, ta gyara littafinta. Wani ja'iri kuma ya tambaya ko ni ma na ɓoye nawa kuskuren. Na yi dariya, Auta, ta farko tun ranar rasuwarsa.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa yaran ba, ke kaɗai zan gaya wa. Sau biyu ya goge gilashin. Na biyun a ƙarshe ne, inda yake cewa tarin nan ba komai ba ne, mu haɗu Asabar mai zuwa. Ina zaune gabansa riƙe da waya, idona na kan hoton kada ya yi rawa, ban lura ba. Ashe ya san ba zai kai Asabar ɗin ba.

Ban yi fushi da shi ba. Gilashin na nan a kan allo, na goge masa shi.

Allah ya jiƙansa, ya ba yaran nan sa'a.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki